Farin Zare Daga Mae La

Sansanin ’yan gudun hijira na Mae La, ƙasar Thai, 9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Lweh Doh,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ƙafafun nan naka masu kama da sandunan gora. Direban motar kayan miya ne zai jefa takardar nan a gidan waya. Na rubuta sunan aron naka a bayan ambulan, kada ka ce ba na jin magana.

Mun gan ka ran Asabar a talabijin ɗin mai shayi. Da ka ci ƙwallon nan sai da benci ya karye! Inna ba ta gani sosai yanzu, sai na ɗora hannunta a kan gilashin na ce, “Ga shi nan, mai lamba sha bakwai.” Ta ce, “To me ya sa mutumin ke ta ihun Wichit, Wichit? Wane ne kuma Wichit?” Na ce ai haka ’yan Thai suke kiran ka. Ta janye hannunta daga gilashin, muka kama hanyar gida.

Watan ɗaurin zare ya kusa, lokacin da manyanmu ke kiran kurwar ’ya’yansu su ɗaura musu farin zare a hannu. Shekara huɗu ke nan Inna tana buga ludayi a jikin tsanin shiga ɗakinmu tana kiran kurwarka ta dawo gida, amma hannun da za a ɗaura wa zaren ba ya nan. Tarin nan ya ci ƙarfinta. Ba na jin za ta ga wani watan ɗauri bayan wannan. Ka zo, ko na wuni ɗaya ne.

Yayarka,
Mu Kler

Nakhon Sawan, 24 ga Yuli

Yaya,

Ina gaida ki, ina gaida Inna da kyau. Takardarki ta iso, na karanta ta a banɗaki don kada abokin ɗakina ya ga irin rubutunmu.

Ba zan iya zuwa ba. Kin san katin shaidar ɗan ƙasa da nake wasa da shi na wani yaron ƙauye ne da ya rasu. A katin nan ban taɓa taka Mae La ba. In sojan shinge ya tambayi abin da ya kawo Wichit sansani, yara kuma suka rugo suna “Lweh Doh ya dawo,” shi ke nan, daga fili sai gidan yari.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji. Mutum dubu biyar suna yi mini tafi, in koma ɗaki in ci shinkafa ni kaɗai. Zaren da kuka aiko bara yana nan cikin akwatina. Na gwada ɗaurawa da haƙori, sai na ji kunya na bari. Mutum ba ya ɗaura wa kansa, sai babba ya kama hannunsa ya kira sunansa, ni kuwa wa gare ni a nan?

Akwai wata tsohuwa mai wanke kwanuka a rumfar taliyar da ke bayan filinmu. Rannan kwano ya suɓuce mata, ta yi ashar da yarenmu, irin na Inna sak. Dariya ta taso mini, na haɗiye ta, na biya na fita kamar ban ji komai ba. Na tsani kaina a ranar.

Ki ce wa Inna ta yafe mini.

Ƙanenki

Mae La, 18 ga Agusta

Lweh Doh,

Ina gaida ka, ko da yake ba don halinka ba. Na yi niyyar ƙin rubuto maka, amma akwai abin da ya kamata ka sani.

An yi ɗaurin zare jiya. Na shirya curin shinkafa da ayaba da rake da ruwan sanyi. Ni da maƙwabcinmu muka tallafo Inna zuwa bakin tsani, don ƙafafunta sun daina ɗaukar ta. Ta buga ludayi ta kira ka, ta ce ka baro daji, ka baro bakin rafi, ka dawo cikin dangi. Sau uku. Sannan ta juyo ta ce da ni, “Mu Kler, ya sunan nan da suke kiran sa?” Na ce, “Inna, me za ki yi da shi?” Ta ce, “Ke dai faɗa mini. Shekara huɗu ina kira ba ya zuwa. Wataƙila kurwar tasa ta daina amsa wanda na raɗa masa.”

Na faɗa mata. Ta buga ludayi ta kira Wichit. Bakinta bai ma iya shi ba, sai da ta gwada sau biyu. Duk layinmu ba wanda ya yi dariya, ni kuwa na shige bayan ɗaki na sha kuka.

Ga zarenka nan a cikin takardar, ita ta murza shi da hannunta. Ka haɗa shi da na bara a akwati, tunda can ne ma’ajiyarsu.

Yayarka

Nakhon Sawan, 30 ga Agusta

Yaya,

Ina gaida ku. Jiya da safe na je rumfar taliya, na gaida tsohuwar nan da yarenmu. Ta daɗe tana kallo na. Na miƙa mata zaren, na miƙa mata hannu. Yanzu ta san asirina, in ta ga dama ta tona.

Ta goge hannunta a zane, ta buga ludayin miya a ƙafar tebur, ta ce, “Ɗan nan, da wane suna zan kira ka?” Na faɗa mata. Rabon da sunana na gaskiya ya fito daga bakina tun ranar da na bar ku. Ta kira shi, ta ɗaura mini zaren.

Don Allah ki yi sauri ki gaya wa Inna kada ta ƙara wahalar da bakinta da sunan aron nan. Wanda ta raɗa mini shi ta yi ta kira tun farko, kuma na ji.

Ƙanenki,
Lweh Doh