Haƙoran Injin Shaukat

Shahnaz, Tausif ya gama! Ɗan yayanki ya fitar da fure a farin dutse, sai ka ce iska za ta kaɗa ganyen.

Murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum, 'yata. Da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya a Ajmer. Mu nan Makrana alhamdu lillahi, sai dai numfashin nan nawa da kika sani. Da hannuna nake rubuto miki, karatun yaƙi da jahilci na yamma bai tafi banza ba.

Tun da muka binne yayanki Shaukat, akwatin haƙoran injinsa na sassaƙa dutse yake rufe. Uwar Tausif ta rantse ɗanta ba zai taɓa shi ba. Shi da kansa ya buɗe, ya zauna gabana na zaɓa masa: mai kan ƙwallo na rarake cikin fure, mai siffar harshen wuta na lanƙwasa ganye, sai siriri mai bakin daimon na fitar da jijiyoyi. Na hana shi masu kaushi, ɓalle gefen dutse suke yi.

Likitan da ya duba ƙirjin babansa ya ce a riƙa ɗiga ruwa kan haƙorin, a sa takunkumi. Tausif ya gwada. Ruwa yana mai da ƙura taɓo, ya rufe zanen fensir. Maƙwabcinmu Kallu ya leƙo yana dariya: "Kai ɗan Shaukat, sassaƙa kake ko wanke-wanke?" Daga ranar ya ajiye ruwan. Yanzu a bushe yake aiki, ya sunkuya yana hure ƙurar da baki, kamar ubansa sak. Da takunkumi ba a hurawa.

Uwarsa ta ce mini, "Baba, kun ba dutse ɗanku ɗaya, bai ishe ku ba?" Hannun yaron ya fi na ubansa, ya fi nawa. Tarin da yake yi da asuba sanyi ne, ina jin.

Dutsen na kabarin Shaukat ne, ranar Juma'a za mu kafa shi. Har Tausif ya fara na biyu, wai nawa, kada a zo ana gaggawa.

Ku zo duka, har surukanki, ku gan shi yana aiki. Amma yaranki su tsaya daga bakin ƙofa, ki rufe musu hanci da mayafinki.

Mahaifinki mai kewarki,
Gulam Nabi