Baƙo na Ashirin da Uku Ya Tambayi Gadon Jariri

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwata a tsakar rana, Malamata da ta fi ruwan farkon damina daɗin zuwa,

Gaisuwa mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Kada ki yi mamakin tsintar takarda a jakarki, tsakanin littattafan ɗalibanki, alhali rufi ɗaya ya rufe mu. Kwana uku ke nan wata magana na yi mini kai-kawo a maƙogwaro. Da na buɗe baki sai in haɗu da idanunki, in haɗiye ta. Yau na ce biro ya yi abin da harshe ya kasa.

Kin tuna ranar Lahadi, muna cin abincin rana, ina ta cika baki a kan akwatin hirar da na saka a shafin intanet na shagon Kawu kafinta? Na ce miki kowa zai iya shiga ya yi tambaya ba suna, ba lambar waya, ba rajista. Lamba kawai ake ba mutum, saƙonsa ya faɗo nan take, yana rufe shafin kuma hirar ta goge. Har na bugi ƙirji na ce ni da na haɗa shi ma ban isa in san mai magana ba. Kika yi murmushin nan naki mai kama da tsayuwar sabon wata, kika ce, "Ko kai?" Na ce ko ni. Ashe ajiye maganar kika yi!

Abin da ban gaya miki ba shi ne, Kawu da yatsa ɗaya yake rubutu. Kafin ya gama amsa sallama, mai saye ya yi gaba. Don haka ya dasa ni a bencin bakin shago, cikin ƙarar zarto da warin fenti, in riƙa amsa wa mutane a madadinsa har mako guda.

Ranar Talata da hantsi, daidai lokacin da ake fita shan iska a makarantarku, Baƙo na Ashirin da Uku ya shigo. Ɗigo ukun nan masu nuna ana rubutu suka yi ta rawa, su tsaya, su sake tashi, kamar tsuntsuwar da ke shakkar sauka a reshe. Can sai tambaya ta faɗo: ko kuna yin gadon jariri, wanda zai shiga wuri mai santimita ɗari da goma sha biyu?

Ɗari da goma sha biyu! Ya farar kurciyata, wa ya san wannan lamba in ba mu ba? Ba ita ce ratar da ke tsakanin kabad ɗinmu da taga ba, wadda muka auna sau uku ranar da kantar littattafanki ta ƙi shiga, kina dariya kina cewa lissafina ne ya karkace? Duk da haka na ce wa zuciyata ta natsu, ɗakuna da yawa a duniya. Sai na rubuta cewa muna yi, har da karamar kofa a gefe. Amsa ta zo kamar walƙiya: "Ƙaramar ƙofa dai, malam. Da lanƙwasa a kan harafin."

Haba, Malama! Cikin dukan halittar Allah, wa zai zo tambayar gado ya tsaya gyara wa kafinta rubutu? Na tuntsire da dariya, hawaye kuma suka biyo ta. Kawu ya leƙo ya tambayi lafiya, na ce garin katako ne ya faɗa mini a ido. Ya ce shekara arba'in garin katako na shiga idonsa, bai taɓa sa shi dariya ba.

Sai saƙonki na ƙarshe ya zo, ya zaunar da ni. Kika ce kada a fara yi tukuna, tambaya ce kawai, sai an ga abin da Allah ya yi. Kika rufe shafin, hirar ta goge, ta bar ni ina kallon farin allo.

Na san wannan tsoron, rabin raina. Shekara shida muna jira. Na san safar nan 'yar mitsitsiya da kika saya shekara biyu da suka wuce, da yadda kika tura ta can ƙasan akwati bayan mun dawo daga asibiti hannu wofi. Na san so kike ki kare ni daga wata murnar da za ta iya karyewa. Amma ta yaya za ki ɗauki wannan nauyi ke kaɗai, ina gefenki ina tambayarki inda kika ajiye mini cajar waya? Ni bishiyar da kike jingina da ita ce, ko kuwa hoton bango?

Wallahi ban bi sawunki ta na'ura ba. Akwatin ya riƙe amanarsa, ni ne dai na haddace ki. Ban faɗa wa kowa ba, ko Kawu, ko Inna da take kallonki da gefen ido tun ranar da kika ce ƙamshin turarena na hawa miki kai. Ba zan faɗa ba sai ranar da kika zaɓa.

Roƙona ɗaya ne, tauraruwar asubata. Ki faɗa mini da bakinki. Ki bar ni in raka ki awo, in zauna a bencin asibiti riƙe da jakarki, in yi ta tambayar likita har ya gaji da ni. In Allah ya cika mana, mu yi murna tare. In ya jarrabe mu, a kafaɗata za ki yi kukan, ba a bayan ƙofar banɗaki ba.

Yau zan dawo da wuri. Na yi ta gwada fuskar mamaki a madubin shagon Kawu, ko ɗaya ba ta yi kyau ba, don haka ki yi haƙuri da wadda kika gani.

Naki ne ni a rani da damina, a dariya da hawaye, har numfashina na ƙarshe.

Mijinki,
wanda Inna ke kira Mai Kwamfuta