Baƙa da Ja a Layi na Bakwai

Talata, 4 ga Yuni

Sabuwar ƙwallon bolin ta iso, wasan nan namu na gara ƙwallo a kan dogon layi a ture kwalabe goma. Ja ce, kyautar mijina Kel, wai don gasar ƙarshen hunturu, tunda a ƙasar nan yanzu sanyi yake kamawa. Clive mai shagon cikin zauren wasa ya huda mata ramukan yatsu daidai da na tsohuwar ƙwallona, Baƙa. Ya ce, "Glenys, Baƙa miƙewa take yi, sai ta kusa kwalaben take karya kwana. Wannan kuwa ba ta jin man da ake shafa wa layi, tun daga tsakiya za ta fara lanƙwasa. Sai kin matsa hagu." Na ce masa ina gara ƙwallo a garin nan na Bathurst tun yana da gashi a ka.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na kama layi na bakwai da hantsi, ni kaɗai, don in gwada su. Baƙa, Ja, Baƙa, Ja. Babu bambanci. Dukansu sun tafi samɓal kamar an ja zare, suka daki kwalaben gefe. Ja ko alamar lanƙwasa ba ta yi ba. Ita wannan baƙuwa ce, na yi mata uzuri. To Baƙa fa? Ƙwallon da na sani kamar yunwar cikina.

Mai ne. Sun labta wa layin mai da yawa.

Talata, 11 ga Yuni

Ranar gasarmu ta mako-mako. Na ba ƙungiyarmu kunya. Har kwatar gefen layi na jefa, ni. Babu wadda ta tsokane ni, abin da ya fi damuna ke nan.

Alhamis, 13 ga Yuni

Har yanzu jikina a sanyaye yake.

Na roƙi ƙawata Noeline ta zo ta gwada su, tunda yatsunmu kusan ɗaya ne kuma tare muka fara wasan nan. Ta gara Baƙa. Ta miƙe, ta miƙe, can ta karya kwana ta share goman. Ta ɗauki Ja. Tun daga tsakiya ta fara lanƙwasa, kamar yadda Clive ya faɗa. Layi ɗaya, mai ɗaya.

Na karɓa na gara. Samɓal.

Noeline ta duƙa tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na ce, "Ke faɗi, kada ki yi mini kara."

"Ba ƙwallon ba ce, ƙawata. Hannunki ba ya juyawa wurin saki. Ajiye ta kike yi kamar mai sauke kwando."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin bikin Ista. Kuma kofin shayinki yana ƙara a kan faranti. Duk mun ji."

Duk sun ji. Ni kaɗai ce ban ji ba.

Juma'a, 14 ga Yuni

Na tare Kel a gareji. Bai ko musa ba. Wai ya lura hannuna na dama ba ya lilo idan ina tafiya, yana rataye ne kawai. Wai shi ya sa ya tambayi Clive ƙwallon da ke lanƙwasa da kanta, ko za ta rufa mini asiri. Na ce, "Au, sandar dogarawa ka saya mini ka naɗe da takardar kyauta?" Ya ce, "Tsohuwa, tsoro na ji." Ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Da ya yi mini ƙarya ma da ya fi.

Laraba, 26 ga Yuni

Likitar jijiya, a garin Orange. Ta sa ni tafiya a baranda, ta sa ni haɗa yatsu ina buɗewa. Na hagu tsaf. Na dama ya fara, ya ƙanƙance, ya tsaya, ina kallonsa kamar na wata. Ta ce ciwon karkarwa ne, Parkinson, farkonsa. Akwai magani. Ta faɗi wasu abubuwa da yawa, Kel ne ya saurara.

Asabar, 29 ga Yuni

Na kasa saka maɓallin riga. Ko dā ma haka nake fama ban kula ba?

Talata, 2 ga Yuli

Ban je wasa ba. Na ce mura.

Talata, 9 ga Yuli

Noeline ta zo har gida ta ɗauke ni, wai ko don kek ɗin kwakwa. Na bar jakar ƙwallayen a gida. Ana cikin wasa ta ajiye mini wata ƙwallo marar nauyi a cinya, irin ta zauren da ake ba kowa, ruwan hoda. Ta ce, "Hannun hagun nan me yake yi miki, ado?" Na zage ta. Na tashi na ɗauke ta da hagu.

Ƙafafuna suka rikice, na kusa kifewa. Ƙwallon ta tafi tana tangaɗi kamar mashayi, ta ture kwalba uku. Matan suka yi tafi kamar na ci kofi, marasa kunya.

Shirme ne, ba wasa ba. Na dai tambayi Clive ko ramukan hagu sun bambanta da na dama. Tambaya kawai na yi. Ya ɗauko ma'auninsa na yatsu, ni kuma ban janye hannun ba.