Matakalar da Ta Cinye Gonar Baba Audi

Malam, don Allah ka taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Ni ne shugaban ƙungiyar matasan ƙauyenmu a ƙasar Faskari. Muna da wani dutse bayan gari, duk sallah mutane na zuwa hawa, daga Ƙanƙara har Sabuwa, su ɗauki hoto su tafi, ko ruwa ba su saye wurinmu. Sai na kawo shawarar mu gyara hanyar hawa, mu share filin aje babura, matanmu su samu wurin saida awara. Da rani muka yi aikin. A gindin dutsen akwai wasu duwatsu jere layi-layi, ni na ɗauka tarkace ne, na sa aka kwashe muka yi matakala da su, har da shafa farar ƙasa. Wallahi ta yi kyau!

Ashe kakanni ne suka jera su don karya ƙarfin ruwa. Damina na yin tsakiya ruwa ya gangaro ba mai tare shi, ya raba gonar Baba Audi biyu, ya tafi da dawarshi. Baba Audi shi ya koya mani riƙon fartanya bayan rasuwar mahaifina. Yanzu idonshi ya yi rauni, bai san an taɓa duwatsun ba, ya ce ƙaddara ce. In na gaishe shi albarka yake sa mani, wai na raya gari. Kunya kamar ta kashe ni. Ga damina ta sake matsowa, abokaina sun ce in ja bakina, in aka taɓa matakalar, baƙi sun tafi ke nan. Ya zan yi?

Mai Nadama, Faskari

Ɗana, niyyarka mai kyau ce, kuma abokanka ba su yi ƙarya ba, baƙin nan alheri ne ga gari. Amma kun auna dutse da rani, lokacin da ba ya nuna halinsa, kuma ba ku tambayi kowa ba.

Ka samu dattijo ɗaya ya raka ka wurin Baba Audi, ka faɗa masa da bakinka. Sannan ku yi gayya ku maida jerin duwatsun kafin ruwan fari, ku cike zaizayar gonar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matakala za ta samu wasu duwatsun. In damina ta kankama, ku zaga dutsen da tsofaffi su nuna muku hanyar ruwa, da burtali, da inda ba a taɓawa. Abin da ya rage shi ne na baƙi.

Bara ba ka sani ba, kuskure ne. Bana ka sani. In ruwa ya sake cin gonar nan, ba ruwa ne ya ci ta ba, kai ne.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sa tsohon nan ya sa maka albarka bayan ya ji gaskiya.