Maganaɗisun Baba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
6 ga Mayu

Yaya Junaid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya gajiya? Inna tana gaishe ka, ta ce wai ka rame a hoton da ka turo. Na rubuto na ba direban da ke kai maka saƙo ne domin maganar ba ta waya ba ce. Ka san gidanmu, in ka yi tari a ɗaki sai an ji a soro.

Yau kwana tara Baba bai buɗe shagon walda ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Ka tuna Mama Esther ta Tarauni, mai zoɓo da kunun tsamiya? Kafin azumi ya ƙera mata babbar tukunyar silba, irin wadda ba ta tsatsa. Da kansa ya je kasuwa ya zaɓi ƙarfen, ya gwada da maganaɗisun nan nasa na tsohuwar rediyo, wanda ya girme ni. Bai kama ba, sai ya ce silba ce ta gaske. Shekara talatin da haka yake gwadawa.

To, wata uku ba ta cika ba cikinta ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa, musamman bakin walda. Masu saye suka fara cewa zoɓon yana ɗanɗanon ƙarfe. Wallahi da Mama Esther ta zo da faɗa da ya fi sauƙi. A a-daidaita-sahu ta kawo ta, ta gaishe shi har ƙasa, ta ajiye ta tafi. Baba ya daɗe yana manna maganaɗisu a jikin tukunyar, yana faɗuwa, yana sake mannawa. Tun ranar yake cewa idonsa ya tsufa, gara ya bar sana'ar kafin a fara kiransa macuci. Abin da nake tsoro ke nan, Yaya. In ya rufe shagon nan, ban san abin da zai tashe shi da safe ba.

Kai da kake aikin irin wannan ƙarfen a kamfani, don Allah ka faɗa mini me ya faru.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Huraira

19 ga Mayu

Yaya Junaid,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin naka, murar ta sake ka? Amsarka ta iso tare da kwalbar ruwan gwajin ƙarfe, Allah ya saka da alheri.

Ashe silba suna ne kawai da muka tara 'yan gida da yawa a cikinsa! Sau uku na karanta kafin ya zauna mini. Mai lamba 304 ita ce ta abinci, ba ta kama maganaɗisu. Mai 201 ma ba ta kamawa, ga ƙyalli iri ɗaya, amma ba ta jure gishiri da tsami, ta fi dacewa da ƙarfen dafa hannu na bene. Mai 430 kuwa tana kamawa, ga shi ba jabu ba ce, da ita ake yin faranti da jikin murhun gas. Ka ga ita ce Baba ya yi shekaru yana turewa gefe yana tsaki. Sai 316, mai tsada, ta kayan asibiti da bakin teku. Ka kuma ce kada a gurje walda da buroshin da ya taɓa baƙin ƙarfe.

Matsalar ita ce yadda zan gaya masa. Ni da ko guduma ban iya riƙewa ba, in zauna ina koya wa Baba ƙarfe? Haba. Sai na jira ya zauna a soro bayan la'asar, na shiga ɗakin Inna na buɗe taga, na karanta mata wasiƙarka da ƙarfi. Inna ta yi ta kallona kamar na zare, don lambobin nan ba su dame ta ba. Da na zo inda ka ce a da 201 ba ta cika kasuwa haka ba, laifin ba na idon kowa ba ne, sai na ji ya kashe rediyo.

Washegari na nemi wasiƙar da kwalbar ruwan gwajin da ka aiko, na rasa.

Taka,
Huraira

2 ga Yuni

Yaya Junaid,

Ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya.

Baba ya ɗiga ruwan a tsohuwar tukunyar, wurin ya yi ja kamar yadda ka ce 201 take yi. Ya kira ni in gani. Ranar Asabar ya ce in saka mayafi in raka shi kasuwa, wai idona ya fi nasa ganin lamba. Duk ƙarfen da aka nuna masa sai ya ɗiga ya jira, har mai kayan ya gaji da mu.

Kwana huɗu ya yi yana ƙera sabuwar. Da kansa ya kai ta Tarauni, kuma a gaban masu sayen zoɓo ya ce kuskuren nasa ne, ya gwada da abin da ba ya gwaji. Mama Esther ta rasa inda za ta sa kanta. Ni kuwa na ji kunya, na kuma ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Jiya na kai masa abinci shago. Ya ce in gaya maka rubutunka har yanzu kamar kaza ta yi tono. Amma wasiƙar taka tana jikin ƙofar ƙarfen shagon, daidai inda yake zama, kuma maganaɗisun ne yake riƙe da ita.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Huraira