Rasuwar Malam Sada Nagoggo, Mai Riɗin da Ba Ya Zuba

Duk mai karanta wannan sanarwa ya karanta har ƙarshe, domin bayan ta'aziyya akwai magana.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Mata Manoman Riɗi ta Sandamu ta samu labarin rasuwar ubanta kuma mai ba ta shawara, Malam Sada Nagoggo, tsohon malamin gona, wanda Allah Ya yi wa cikawa a Daura bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kowace manomiya ta san halin riɗi: da ya bushe sai kwansonsa ya tsage, 'ya'yan su zube ƙasa, kurciya da tururuwa su riga mai gona girbi. Shekara da shekaru marigayi yana bin kunya-kunya da kaka, yana ɗaura jan ƙyalle a kan duk tsiron da ya bushe bai buɗe baki ba, ya ware irinsa, ya sake shukawa, har ya samu riɗin da kan jira mai shi. Da shi zawarawa da dama suka daina rarrafe a gona suna sharar ƙasa. Bai taɓa sayar mana ba. Yakan ce mu kai gona, mu dawo masa da labari.

Da baƙin ciki muke sanar da jama'a cewa ranar sadakar uku, uwargidansa Hajiya Laraba tana ɗaki tana takaba, wasu mata masu taya aiki suka ga tulun riɗi a ɗakin Malam, suka ɗiba ba tambaya, suka soya, suka yi wa masu gaisuwa kantu. Fiye da rabin irin ya tafi. An ci, har an yaba. Niyyarsu lada ce, mun sani, amma iri soyayye ba ya tsirowa, kuma wanda zai sake zaɓo mana yana kabari. Hannun da ke gaggawa a gidan makoki ya ji kunya.

Muna miƙa ta'aziyya ga Hajiya Laraba, da 'ya'yansa Mardiyya da Mahdi, da ɗaukacin manoman masarautar Daura. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙurin jure wannan rashi.

Abin da ya rage a tulun yana hannun Mardiyya har faɗuwar damina, kada wanda ya roƙe ta ko da cikin cokali. Daga yau kuma, duk gidan 'yar ƙungiya da aka yi rasuwa, sai an kulle ɗakin iri kafin a ɗora tukunyar sadaka.

Sa hannu:
Hajiya Zubaida Muktar Sandamu
Shugabar Ƙungiya