Sifirin da Na Rubuta wa Inna

Ƙofar Kuyambana, Zariya
4 ga Maris, 1974

Yaya Rahmatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan sai godiya, ban da ƙafar Inna. Duk Talata tana takawa zuwa asibiti a Wusasa, tana hutawa sau uku a hanya.

Ofishinmu na tsara inda motocin haya za su riƙa bi. An ce mu shiga gida ɗaya cikin ashirin, mu tambayi inda mutane ke zuwa a mako. Daga baya a haɗa da ƙidayar bara, kowane gida ya tsaya a madadin ashirin. Gidanmu na cikin waɗanda aka zaɓa.

Kin dai san Baba. A zaure, gaban abokansa, na tambaye shi inda matan gida ke zuwa, ya ce matan gidansa ba sa zuwa ko'ina. Ni da nake raka Inna har bakin ganuwa, na sunkuyar da kai na rubuta sifiri. Ta ƙaƙa zan ƙaryata shi a bainar jama'a? Haka kusan kowane zaure ya amsa mini. Abin yana cina.

Ƙanenki,
Mustapha

Ƙofar Kuyambana, Zariya
10 ga Satumba, 1974

Yaya Rahmatu,

Ina gaisuwa. Yaya jikin autarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Sakamako ya fito. Ƙidaya ta ce unguwarmu cike take da mata, takarduna suka ce ba sa fita. Sifirin Inna kaɗai ya zama sifirin gida ashirin. Mota za ta bi Ƙofar Kibo, hanyar Wusasa kuwa an ce ba ta da fasinja. Na yi wa shugabanmu bayani, ya nuna mini sa hannuna a ƙasan takardar.

Ƙafar ta kumbura, Talata biyu ke nan Inna ba ta je ba. Amma ta gama gaya wa maƙwabta ɗanta zai kawo mota har ƙofa. Jiya ina shafa mata magani ta tambaye ni ko na rubuta ta a takardar. Yaya, na ce mata na rubuta.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Mustapha